Chappal Waddi ko Kilimanjaro: wanne mazaunin Legas zai fara hawa?

Duk wanda ke zaune a Legas ya fara sha'awar hawan dutse, ba ya daɗewa sunaye biyu suke shigo masa kunne. Ɗaya Kilimanjaro ne, a arewacin Tanzaniya, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Afirka, mita 5,895. Ɗayan kuma Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, a Jihar Taraba dab da iyakar Kamaru, inda ya fi ko'ina tudu a Najeriya, mita 2,419. Dukansu a cikin gandun dajin ƙasa suke, dukansu kwana da kwanaki ake yi ana tafiya a ƙafa ana kwana a daji. Da mutum ya dubi lambobin nan biyu sai ya yanke cewa ɗaya na manya ne, ɗaya na 'yan koyo. Wannan hukuncin nake so mu sake dubawa, domin kuɗin da tafiyar ke ci ba kaɗan ba ne, hutun shekara kuma sau ɗaya yake zuwa.

Matsayina shi ne wanda bai taɓa kwana a kan dutse ba Taraba ya kamata ya fara nufa. Sai dai akwai mutanen da Kilimanjaro ya fi dacewa da su ko da shi ne na farinsu, akwai kuma waɗanda bai kamata su sayi tikitinsa ba sai likita ya duba jininsu.

Babban abin da ya raba duwatsun nan biyu iska ce, ba nisan tafiya ba. Mu a Legas a bakin teku muke kwana muke tashi. Daga Agege zuwa Obalende, daga Idi-Araba zuwa Mile 12, babu inda ƙasa ta tashi sama da 'yan gomman mitoci, saboda haka jikinmu ya saba da iska mafi kauri da ake samu a duniya. Ciwon tsauni kan fara kama mutane ne daga wajen mita 2,500 zuwa sama. Ƙololuwar Chappal Waddi tana ƙasa da wannan iyaka da kaɗan. Za ka yi haki, za ka ji zuciyarka na bugawa fiye da yadda ka saba, amma da wuya iskar kanta ta kwantar da kai. A Kilimanjaro kuwa tun daren farko ko na biyu ka wuce wannan iyakar, kuma a can ƙololuwa oksijin ɗin da kake samu a kowane numfashi kusan rabin wanda kake samu ne a bakin ruwan Legas.

Mutane da yawa ba sa ɗaukar wannan da muhimmanci, musamman samari masu ji da ƙarfi. Ciwon tsauni ba ruwansa da ƙwanji. Ɗan ƙwallon da ke zagaye filin wasa na Surulere kowace asuba yana iya faɗuwa a mita 4,600, dattijuwa mai tafiya a hankali ta wuce shi. Yana farawa da ciwon kai, da tashin zuciya, da ƙin abinci, da rashin barci. Wannan ana iya jurewa in an tsaya an huta. Mai haɗarin shi ne ruwa ya taru a huhu, mutum ya riƙa tari yana haki ko a zaune yake, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya fara tangaɗi yana maganar da ba ta da kan gado. Waɗannan biyun suna kisa, kuma maganinsu na farko shi ne a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai ƙwayar Diamox da likitoci ke bayarwa don taimaka wa jiki ya saba da sauri. Tana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsikarin yatsu da allura, kuma ba a shan ta sai da shawarar likita. Ko da ita, babu abin da ke maye gurbin hawa a hankali.

Ga wata magana da ta shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta yawancin bayanan hawan Kilimanjaro, shi ya sa ba kasafai ake ganin ta a tallar kamfanoni ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. Mai SS, wato mai cutar sikila, maganar tsauni mai tsawo irin wannan ba ta ma taso ba. Mai AS kuwa a rayuwar yau da kullum lafiyarsa lau, har wasu ba su san suna da shi ba sai an zo gwajin aure. Amma inda oksijin ya yi ƙaranci, ga sanyi, ga ƙishirwa, ga gajiya, jinin mai AS na iya toshe hanyoyin saifa, sai ciwo mai tsanani ya turnuƙe shi a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowane mai AS ne abin ke samu ba, ba ma ya yawan faruwa, amma likitoci sun san shi sarai. Gwajin ba shi da tsada, kuma kowane babban asibiti a Legas yana yin sa. Ka yi shi kafin ka biya ko sisi. In ya fito AS, ka zauna da likita ka gaya masa ainihin tsawon da kake son hawa, a mita. Ga mai irin wannan jini, Chappal Waddi ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma sai an kiyaye shan ruwa.

In an wuce wannan shinge, sai maganar hanya, domin Kilimanjaro hanyoyi ne da yawa kuma zaɓin hanya ya fi komai tasiri kan ko za ka kai. Marangu ita ce tsohuwar hanya, ita kaɗai ke da ɗakunan kwana na katako maimakon tanti, kuma ita ake sayarwa da arha a kwana biyar. Dubi yadda zangonta suke: Mandara wajen mita 2,700, Horombo wajen 3,700, Kibo wajen 4,700. Kowane dare kana ƙara mita 1,000 a inda kake kwana. Shawarar likitocin tsauni ita ce da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Ke nan hanyar da ake tallatawa a matsayin mai sauƙi tana ninka abin da jiki ke iya ɗauka. Shi ya sa masu Marangu ta kwana biyar suka fi kowa juyowa ba su kai ba. Arhar nan tsada ce. In lallai ɗaki kake so, ka biya na kwana shida, wanda ake ƙara wuni guda na hutu a Horombo.

Machame ta kwana bakwai ta fi wahalar ƙafa amma ta fi tausayin huhu. Dabarar da ke cikinta ita ce a hau sama da rana a sauko a kwana ƙasa. Akwai ranar da za a kai ka Lava Tower, wajen mita 4,600, ka ci abincin rana a can kanka na sarawa, sannan a gangaro da kai zangon Barranco da ke ƙasa da mita 4,000 ka kwana. Washegari jikinka ya ɗan koyi wani abu. Da safen nan ake hawa bangon Barranco, inda za ka sa sandunanka a jaka ka riƙa kama dutse da hannu. Ba ya buƙatar igiya, amma mai tsoron tudu zai ji a jikinsa. Lemosho kuma daga yamma take farawa, ta ratsa daji da filin Shira, sannan ta haɗe da Machame. Kwana takwas ake yi, kwanakin farko babu cunkoso, kuma ita nake ba mutumin Legas shawara in aljihu zai ɗauka. Rongai ta ɓangaren arewa take, kusa da iyakar Kenya, ruwan sama bai cika damunta ba. Umbwe a bar wa waɗanda suka saba.

Ko ta ina ka bi, daren ƙarshe iri ɗaya ne, kuma ya kamata ka san shi tun daga gida. Ga mai bin Machame ko Lemosho, a zangon Barafu, kusan mita 4,700, za a tashe ka wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, in ma ka runtsa. A ba ka shayi da biskit da ba ka marmarinsu. Ka sa riga kan riga har biyar, ka ɗaura tocila a goshi. Daga nan sai tafiya cikin duhu a kan tsakuwa mai zamewa, taku ɗaya numfashi ɗaya, ba ka ganin komai sai dugadugan wanda ke gabanka da jerin fitilu can sama da ba ka san inda suka ƙare ba. Sanyi yana sauka ƙasa da sifiri sosai, ruwan gorarka na iya daskarewa, batirin waya ya mutu in ba a ƙirji ka ɓoye ta ba. Kowane taku sai ka ji kamar kana hawan gadar ƙafa ta Oshodi da buhun shinkafa a ka. Awa shida ko bakwai kafin a kai Stella Point, mita 5,756, galibi daidai fitowar rana, sannan kusan awa guda a gefen bakin ramin dutsen zuwa Uhuru, wato ƙololuwar. Mintoci kaɗan za a bar ka a can. Sai saukowa, wadda ita ce ke cin gwiwa: ka koma Barafu, ka ɗan huta, ka ci gaba da gangara har zangon Mweka wajen mita 3,100. Wunin nan kan kai awa goma sha biyu zuwa sha biyar.

Chappal Waddi ba shi da dare irin wannan. Wahalarsa wata iri ce daban, kuma tun kafin ka ga dutsen take farawa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne isa gindin Kilimanjaro daga Legas ya fi isa gindin Chappal Waddi sauri. Ka hau jirgi a filin Murtala Muhammed, ka sauya a Addis Ababa ko Nairobi, ka sauka a filin jirgin Kilimanjaro da ke tsakanin Moshi da Arusha, motar kamfani na jiran ka. Taraba kuwa, in ta mota ce, kwana biyu ne a hanya ta Benin da Anaca da Inugu har a shiga Binuwai kafin Taraba. In ta jirgi ce, ka sauka Yola, ko Jalingo in an dace da jirgi a lokacin, sannan ka kama hanyar Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda dutsen ke cikinsa, take. A nan ake yin takardu, a biya kuɗin shiga, a haɗa ka da jami'an gandun da za su raka ka. Daga Serti hanya ta wuce Mayo Selbe ta fara nannaɗe tsauni tana hawa tudun Mambila, ta ɓulla Maisamari, sai Nguroje. Kwalta takan ƙare, a koma kan babur, a bi hanyar jar ƙasa mai hawa da gangara zuwa ƙauyukan ƙarshe irin su Njawai. Mutane da yawa sun fi tuna awannin nan na kan babur fiye da hawan kansa, saboda yadda suke kwance wa mutum ƙugu.

Ta wannan ɓangare na Mambila tafiyar ƙafar kwana biyu ce zuwa uku, zuwa da dawowa. Akwai doguwar hanya ta ɓangaren ƙauyen Gashaka, wadda ke ratsa kurmi, ita kan ci mako guda ko fiye, kuma ita ce ta masu son ganin dajin sosai. Ko wacce ka bi, kada ka sa ran hanya shararriya mai alamomi. Turbar shanu ce da ta masu tafiya kasuwa. Ka hau tudu mai ciyawa har gwiwarka ta yi rawa, ka kai sama ka tarar da kwari a gabanka wanda sai ka sauka cikinsa ka sake hawa wani. Ka cire takalmi ka ƙetare rafi mai sanyin ƙanƙara, duwatsun ƙasansa suna santsi. Rana ta doke ka da tsaka, dare ya yi sanyi ya hana ka barci in bargonka na Legas ne. A lissafin ƙafa zalla, wuni guda a nan na iya fin yawancin ranakun Kilimanjaro wuya, domin a can jagorori da gangan suke rage maka sauri, kuma 'yan dako sun ɗauke maka komai sai ƙaramar jaka.

Wannan ya kawo mu bambanci na biyu mai girma: a Kilimanjaro tsari kake saye, a Taraba kai ne za ka haɗa tsarin. Dokar Tanzaniya ba ta yarda kowa ya hau shi kaɗai ba, sai da jagora mai lasisi. Mutum ɗaya kan tafi da jagora da kuku da 'yan dako uku ko huɗu. Kafin ka iso zango an kafa tanti, an dafa ruwan zafi, abinci na jira. Jagorori nagari suna auna oksijin ɗin jininka safe da yamma da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa. A Gashaka-Gumti kai za ka yi cefane a Serti ko Nguroje, kai za ka zo da tanti da jakar barci, kai za ka yi ciniki da masu babur da masu ɗaukar kaya. Akwai ƙungiyoyin yawon buɗe ido a Legas da Abuja da ke haɗa tafiyar rukuni zuwa can lokacin rani, kuma ga na farko shiga irinsu ya fi, in ka bincika ka tabbatar sun taɓa zuwa kuma ta ofishin gandun suke bi.

A nan ne Bahaushe yake da wata riba da kuɗi ba ya saye. A tudun Mambila da kewayen gandun, Fulatanci da Hausa su ne harsunan kasuwa da hanya. Abokan tafiyarka da suka taso daga Lekki sai an yi musu tafinta, kai kuwa za ka zauna da jauron ƙauye ku gaisa yadda ya kamata, ka tambayi makiyayi ina ruwa yake a gaba, ka ji daga bakin mai babur wace hanya ce lafiya a makon nan. Ka sauka kusa da ruga da yamma, a kawo maka kindirmo a ƙwarya, ka ji kiran sallar magariba daga wani ɗan masallacin kara hazo na saukowa kan tuddai. A Kilimanjaro, duk kirkin mutanen, kai baƙo ne mai biyan kuɗi. A Taraba ɗan gida ne da ya zo daga nesa, kuma wannan yana canza tafiyar gaba ɗaya.

Kuɗi. A nan babu ma gasa. Kilimanjaro da dala ake biyan sa, kuma ɗan Najeriya farashin baƙi yake biya, rangwamen na 'yan Gabashin Afirka ne. A farashin da aka daɗe ana amfani da shi, kuɗin gandu dala 70 ne kowace rana, kwanan tanti dala 50 kowane dare, kuɗin ceto dala 20, sannan harajin kashi 18 cikin 100 a kai. Tafiyar kwana bakwai ke nan ta haura dala 950 kafin a biya ɗan dako ko ɗaya ko a sayi ƙwayar shinkafa. Saboda haka kamfani mai mutunci da wuya ya yi maka ƙasa da dala 2,000. Ka ƙara tikitin jirgi, da otal a Moshi kafin hawa da bayan saukowa, da inshorar da ta ambaci tsawon mita 6,000 ƙarara, da tukuicin ma'aikata wanda al'ada ce tabbatacciya kuma yakan kai dala ɗari biyu zuwa uku. Ka kai wa ɗan canji wannan jimla ya buga maka a farashin yau. Tafiyar Taraba duka da naira ce, kuma abin da ya fi cin kuɗi a cikinta sufuri ne. Ko ka hau jirgi zuwa da dawowa, ba za ta kama ƙafar waccan ba.

Ina roƙon wanda ya zaɓi Tanzaniya kada ya bi mafi arha ido rufe. Kuɗin gandu ba ya raguwa, don haka duk ragin da aka yi maka daga albashin 'yan dako da abincinsu aka yanke shi. Ƙa'ida ita ce kada kayan ɗan dako su wuce kilo 20. Akwai ƙungiyar KPAP a Moshi da ke sa ido kan yadda kamfanoni ke riƙe su, tana kuma fitar da sunayen waɗanda suka cika sharuɗɗa. Mu da muke ganin 'yan uwanmu suna dakon kaya a Mile 12 da Alaba Rago mun san abin da ake nufi da a ci gumin mai ɗaukar kaya. Bai dace mu je wata ƙasa mu zama masu yin haka ba.

Takardu ma suna da nasu nauyin. Najeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma yakan ɗauki makonni. Kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa kafin ta fito. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake yi a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Taraba katin shaidarka kawai take buƙata.

Ba zan ɓoye inda Chappal Waddi ya gaza ba, kuma gazawar babba ce. Na farko tsaro. Hanyoyin Binuwai da Taraba sun sha fama da rikici da satar mutane a lokuta daban-daban, gandun kansa ya yi fama da mafarauta da masu haƙar ma'adinai da masu saran madobiya. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ta shiga yarjejeniyar kula da gandun tare da hukumar gandun daji ta ƙasa, an ƙara ɗaukar jami'an sintiri da horar da su, amma wannan bai ɗauke maka wajibcin tambaya ba. Ka kira ofishin Serti kafin ka taso, ka sake kira ana gobe tafiya, kada ka yi tafiyar dare a mota ko da direba ya rantse maka, kada kuma ka hau ba tare da jami'an gandu ba, domin dutsen a bakin iyaka yake. Na biyu ceto. In ƙafarka ta karye a Kilimanjaro akwai gadon ɗaukar marar lafiya mai taya ɗaya da ake gangaro da mutum a kai, akwai jirgi mai saukar ungulu ga mai inshora, ga babban asibitin KCMC a Moshi. In ta karye a Chappal Waddi, mutane ne za su ɗauke ka zuwa inda babur zai iya zuwa, sannan awanni kafin asibitin Gembu ko Serti, ga waya ba sabis a yawancin hanyar. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya auna wannan da kyau. Irin wannan mutum, in likita ya sahale masa, wataƙila inda ake da tsari ya fi masa ko da ya fi tsawo.

Abin da ido zai gani kuwa, kowanne da nasa. Kilimanjaro, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1973 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 1987, yana ratsa da kai daga kurmi mai ɗigar ruwa zuwa fili mai gajerun itatuwa, zuwa hamadar duwatsu, zuwa ƙanƙara, duk cikin mako guda. Ƙanƙarar nan tana ƙarewa: fiye da kashi 80 cikin 100 na wadda aka auna a 1912 ta narke. Sai dai ba kai kaɗai ba ne. Dubun-dubatar mutane ke hawa kowace shekara, a lokacin cunkoso zangon Barranco kan cika da tantuna, har layi ake yi a bango. Gashaka-Gumti, da aka kafa a 1991 ta hanyar haɗe gandun Gashaka da na Gumti, ya fi kowane gandun ƙasa girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa. Akwai birin cimfanzi a kurminsa, da ɓauna, da dorina a kogin Kam, da tsuntsaye iri ɗaruruwa, kuma daga tsaunukansa ruwan da ke ciyar da Binuwai yake gangarowa. Ba lallai ka ga manyan dabbobin a hanyar ƙololuwa ba, sai ka ware kwanaki ta ɓangaren Gashaka. Amma kana iya tsayawa a inda ya fi ko'ina tudu a ƙasarka, kana kallon tuddan Kamaru, babu kowa sai ku da kuka zo tare.

Wani zai ce ga Dutsen Kamaru a Buea, mita 4,040, tsaka-tsaki tsakanin biyun kuma kusa da gida. Haka ne, amma yankin yana cikin rikicin 'yan aware tun wajen 2017, don haka ban sa shi cikin lissafin mai farawa ba.

Lokaci ya ɗan sauƙaƙa zaɓin. Chappal Waddi na rani ne, daga Disamba zuwa Maris. Da damina rafuka na cika, hanyar babur ta zama taɓo, hazo ya rufe komai. Kilimanjaro yana da rani biyu, Janairu zuwa farkon Maris, da Yuni zuwa Oktoba. Wanda hutunsa ke faɗowa a Agusta, Tanzaniya ce kawai a gabansa. Kada a haɗa ko ɗaya da azumi, domin a tsauni ana so mutum ya sha ruwa lita uku zuwa huɗu a wuni. Maganar sallah kuwa, ka zauna da malaminka kafin tafiya ka fahimci hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama da shafa a kan huffi, domin alwala da ruwan da ya kusa daskarewa a mita 4,700 ba ƙaramin abu ba ne. Musulmi suna da yawa a Tanzaniya, samun naman halal a Moshi ba wuya, amma ka faɗa wa kamfani tun da wuri a rubuce. 'Yan uwa mata da ke son tafiyar, kuma suna yin ta, su nemi a haɗa musu da tantin bayan gida na rukuninsu kaɗai. Ƙarin kuɗin kaɗan ne a kan sutura da natsuwar da yake bayarwa.

Duk wanda ka zaɓa, shirin jiki a Legas iri ɗaya ne, kuma wata uku ne mafi ƙaranci. Garin ba tudu, saboda haka matakala ce dutsenka: benen ofis, ko matakalar 'yan kallo a filin wasa, da jaka mai nauyi a baya, hawa da sauka, domin sauka ce ke kashe gwiwa. Ranar Asabar ka yi doguwar tafiya ta awa huɗu ko biyar, Lahadi ka sake, don jiki ya koyi tashi da gajiyar jiya. Dutsen Olumo a Abeokuta ya yi kaɗan, amma tsaunukan Idanre a Ondo da na Ado-Awaye a Oyo suna ba ƙafa aiki na gaske a ƙarshen mako guda. Takalmin hawa ka saye shi da wuri ka yi ta yawo da shi har ya saba da ƙafarka. Rigunan sanyi da safar hannu da hular ulu ana samun masu kyau a gwanjon Katangowa da Yaba in an yi sammako an yi haƙurin tonawa. Na Taraba waɗannan sun isa. Na Kilimanjaro kuwa, babbar rigar daren ƙarshe da jakar barci mai jure ƙasa da sifiri gara ka yi hayarsu a Moshi, ka duba zif ɗinsu da idonka kafin mota ta tashi.

Wanda ya taɓa yin kwanaki a daji da ƙafa, jininsa AA, dalarsa ta kai ta kwana bakwai ko takwas ba tare da ya ci bashi ko ya taɓa jari ba, ya tafi Kilimanjaro ta Lemosho ko Machame, ban da wata tantama. Wanda kuɗinsa na kwana biyar ne kawai ya jira wata shekarar. Sauranmu, masu son mu san ko jikinmu da ranmu suna son irin wannan wahala kafin mu zuba miliyoyi, mu haɗa rukuni na mutum huɗu zuwa shida don raba kuɗin mota da na rakiya, mu ware kwana takwas ko tara daga Legas zuwa Legas, mu bar kwana ɗaya a ciki ba tare da shiri ba saboda mota ko babur na iya ɓata mana lissafi. Mai son tafiya a Janairu ya fara hawan matakala a Oktoba, ya kira Serti a Nuwamba.